Wata Biyar a Kujerar Gaba, Ba Sunana a Takarda

Shekarar da babana ya yi shuka sau uku a Hamdara rana tana ƙonewa, ina Damagaram gidan gwaggona, na faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, da maki kaɗan. Ni ba na jiran mutum ya kai ƙarshen maganarsa, haka nake. Da aka ce in maimaita aji, na rantse ni da lise, makarantar sakandare, har abada. Wata ƙawata ta ce jami'a na barin marar bak ya shiga darasi. Washegari ina bakin biro, ofishin rajistar jami'a. Dattijon da ke rajista ya fara bayani a hankali, ƴata kaza, ƴata kaza. Na katse shi, na ce na gane, ya nuna mini wurin sa hannu kawai.

Wayyo daɗi! Sashen noma na zaɓa, kullum ina kujerar gaba, hannuna a sama har ɗalibai suka sa mini suna Sarkin Tambaya. Ranar da malami ya koya mana tassa, ramukan da ake haƙawa a fako a zuba taki don su riƙe ɗan ruwan da ya sauka, ji na yi kamar in tashi da gudu. Asabar na dira Hamdara, na sa babana gaba sai ya haƙa. Ya yi dariya, ya ce tun ban san hatsi daga ciyawa ba yake noma, amma ya ɗauki hauya. A majalisar gari kuwa ba wanda bai gaya wa cewa ƴarsa za ta fito malamar gona ba.

Ranar jarrabawa aka manna sunaye a ƙofa. Na bi da yatsa sau uku, babu ni. Na faɗa biro ina masifa. Dattijon nan ya bar ni na gama, abin da ni ban yi masa ba, sannan ya ce takardar da na sa wa hannu ta ƴan saurare ce: ba jarrabawa, ba maki, ba diflom. Ya ce abin da ya so gaya mini ke nan ran farko.

Sati biyu na yi kafin in iya fuskantar babana. Ya ce ramuka dai an haƙa, ba su san takarda ba, amma shi ya yi wa gari alkawarin malamar gona, in koma lise. Na koma, ina zaune da ƙannen ƙawayena. Daminar da ta biyo ma ba ta yi kirki ba, amma hatsin tassa ya fid da kai.

Ilimin bai ɓata ba, shekara ce ta ɓata, da fuskar babana a majalisa. Ƴan uwana, ku shiga ku saurara, akwai amfani. Amma in dattijo ya ce ƴata, ku ajiye biro ɗin rubutu sai ya kai aya.