Dariyar Inna a Kwalin Magani

Yayana mai zanen allunan shaguna ne. Mai aski, mai walda, mai gyaran waya, duk wanda ya buɗe shago a layinmu sai ya biyo ta wurinsa. Shagon nasa kamar akurki, gwangwanayen fenti har bakin ƙofa, ga buroshi a jiƙe cikin kananzir. Mutum ne mai sanyi, har sanyin nasa yakan ba ni haushi.

Zane ɗaya ne bai taɓa yarda ya sayar ba: fuskar Innarmu tana dariya, wushiryarta a waje. A bangon shago ya rataye shi, mai wucewa ma sai ya tsaya kallo.

Ashe wani ya tsaya da waya ya ɗauki hoton zanen. Rannan na shiga kemis, sai ga Inna a jikin kwalin maganin ciwon haƙori, har an ƙara mata hasken haƙora. Kafin mu ankara, yaran layi sun laƙa mata suna Mai Magani. Inna da ba ta iya zaman gida, ko barka ta daina zuwa.

Ni dai cewa na yi mu je mu yi wa kamfanin maganin tijara. Mai walda ya ce a bar wa Allah. Yaya kuwa ya sayi kwali ɗaya, ya ɗauki hotonsa kusa da zanen, ya nufi ofishin lauya.

"Zanenka ne, haƙƙinka ne," in ji lauya. "Ko su biya ka su ci gaba, ko su cire. In sun ƙi, kotu tana nan."

Takardar lauya na isa, sai ga manajan kamfanin da kansa, yana tsallake gwangwanaye da takalminsa mai sheƙi. Wai a intanet suka tsinci hoton.

"Ranka ya daɗe, ko akuya ka tsinta ai cigiya ake yi," in ji Yaya.

Manaja ya yi tayin kuɗi, ya ce kuma daga yau Yaya ne zai riƙa zana musu kwalaye. Ni kaina sai da na haɗiye yawu, don injin buga alluna ya cinye masa kasuwa.

"Hannun nawa ne, fuskar ba tawa ba ce," Yaya ya ce. "Bari in tambayi mai ita."

Inna na tankaɗe ya durƙusa ya zayyana mata komai, bai rage ba.

"Kai kana so?"

"Abin da kike so, Inna."

Ta kaɗe rariya. "To, ka ce su cire ni."

Haka ya faɗa musu. Suka yi ta jan ƙafa har lauya ya shigar da ƙara, sannan suka kwashe kwalayen daga kasuwa. Aikin da suka yi alkawari ya bi ruwa, Yaya bai taɓa tayar da zancensa ba.

Inna ta koma fita, suna da biki ba ya wuce ta. Sai dai yanzu in dariya ta taso mata, gefen mayafi take kaiwa bakinta. Wannan ne ban yafe musu ba.