Layin Toka a Dudunni

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kankiya, ni da ƙanena a kan babur ɗinsa, za mu tseren babura da matasa suka shirya wajen Dudunni. Kyautar rago ce. Matarsa ta haihu, jibi suna, shi kuwa tun daga gida ya sa wa ragon nan rai.

Hanya lafiya lau har Kusada. Nan muka sha koko da ƙosai mai zafi, muka sayi man kwalba da tsadarsa ta sa ƙanena ƙunƙuni. Daga nan sai hanyar ƙasa. An girbe gero, wake kuwa yana nan shar a gonaki.

Filin fako ne, an zagaye shi da layin toka. Ni aka sa alƙalin kwanar ƙarshe, wadda ke bayan wata ƙatuwar kuka, saboda na cika gari da cewa na san dokar tseren motoci da nake kallo a talabijin. Da bakina na faɗa musu: wanda ya tsallake toka ya wuce wani, ya sassauta ya mayar masa da gabansa. In ya ƙi, an soke shi.

A zagayen ƙarshe ƙanena na bin wani ɗan garin Ƙofa. Suka iso kwanata, ya ga babu kafa, sai ya faɗa gonar waken da ke gefe ya ɓullo a gaba. Na ɗaga masa hannu. Ya kalle ni sarai, ya ƙara wuta.

Shi ya zo na ɗaya, can ana ta yi masa tafi, don kukar ta kare wa jama'a. Wani tsoho, mai gonar waken, ya dafa ni: "Malam, kai mi ka gani? Ni dai ga wakena kwance."

Na soke ƙanena. Raina ya sosu ƙwarai, amma ban yi kokwanto ba. Ɗan Ƙofa ya ja ragonsa.

Muka kamo hanyar gida. Dab da Kankiya wata motar kaya ta tare mana hanya, ga gefen titi fili, amma ƙanena ya yi ta binta kamar mai rakiya. Can ya waiwayo: "Yaya, in wuce, ko nan ma da toka?"

Mun iso gida da la'asar. Na gane doka tana da daɗin faɗa sai ranar da ta biyo ta gidanku. Ko yau aka sake, soke shi zan yi. Gobe dai da sassafe ina kasuwa, neman ragon suna.