Takalman Iya a Ƙofar Coci

Ran Lahadin da ta wuce na je ƙauyenmu da ke bayan Ajingi, shekara guda da rasuwar kakata Iya. Tun da muka binne ta ban sake taka coci ba. Ina isa bakin ƙofa sai na ga silifas shuɗi an ajiye a gefen dama, daidai inda take ajiye nata.

Ita kaɗai ce take tuɓe takalmi a cocinmu. Cikin maƙwabta Musulmi ta tashi, ta ga yadda suke yi a masallaci, ta ce gidan Ubangiji ma ya cancanci wannan ladabi. Ba ta iya karatu ba, don haka ni nake karanta mata Littafi Mai Tsarki a gindin darbejiya, tana ɓarar gyaɗa. Har yau shafin labarin Musa da kurmi mai cin wuta ƙamshin gyaɗa yake yi.

Wata rana zan shiga da sabon takalmina, ta riƙe mini hannu ta ce, "Maigida, Musa ma ya tuɓe nasa. Kai ɗan wane ne?"

Ran Lahadin nan da na koma, na tuɓe nawa, na shiga. Sumunti ya yi sanyi. Na bi ƙafafun jama'a da ido, kowa da takalminsa. Da aka tashi, silifas ɗin babu, ban kuwa tambayi kowa ba.

Allah ya ba ki hutawa, Iya. Ni ma ya karɓe ni, ko da ƙurar hanya a ƙafata.