Mai Silifan Da Ta Ƙi Sayar Mini

Akwai wata ranar Talata da ko tsufa ya kama ni ba na jin za ta fita daga raina. Shekara bakwai ke nan, 'yar da na haifa a lokacin har ta shiga firamare.

A lokacin muna zaune a unguwar Kaladan cikin garin Tamale, kuma haihuwata ta fari ke nan. Mai gidana direban babbar mota ne, yana kai doya da masara Kumasi, don haka ana gama suna ya koma hanya. Mahaifiyata ta rasu tun ina budurwa. Surukata ce ta baro gidanta a unguwar Kukuo ta tare a wurina, tana yi mini wankan jego, tana dama mini kunu. Kafin mai gidan ya tafi ya damƙa mini abin da aka tara ranar suna, ya ce in raba biyu: rabi na jaririya, rabi nawa. Ya ce in sayi hanta da kifi da ƙwai, in ɗinka sababbin kaya, in sayi duk abin da jikina ke so. Na ce to, alhali a zuciyata na riga na gama rabon.

Tun ina da ciki nake kwana da waya a hannu ina kallon abin da matan birni ke saya wa 'ya'yansu. Na cika shafi biyu na wani littafi da jerin kaya: keken jariri, kwalaben madara da na'urar tafasa su, sabulu da man shafawa na waje, safa kala-kala, gidan sauro mai lanƙwasawa. Surukata ta ce man kaɗanya da zanen goyo biyu masu ƙarfi sun raini 'ya'yanta shida, ba wanda ya yi ƙuraje. Na yi murmushi kawai, ina ganin ta a matsayin mutumin da. A shafuka biyun nan ba layi ko ɗaya da ya shafe ni, kuma ko kaɗan ban ga aibin hakan ba. Gani nake haka uwa ta gari take yi.

Kwana goma sha ɗaya da haihuwa na ce zan shiga kasuwa. Surukata ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, in aiki wani. Na ce ba wanda zai iya zaɓo abin da nake so. Abin da ban gaya mata ba shi ne kwana uku ke nan kaina na sara kamar ana buga guduma a ƙeyata. Ina shan ƙwayar ciwon kai a ɓoye, ina cewa rashin barci ne. Na ba jaririyar nono ta ƙoshi, na miƙa mata ita, na tari yalo-yalo, wato keken haya mai ƙafa uku, na nufi babbar kasuwa.

Na yi kusan awa biyu ina yawo daga shago zuwa shago. Keken jariri kaɗai sai da na duba guda biyar, ina tura su gaba da baya, ina gwada birki kamar mai sayen mota. Na ɗauki mai ruwan hoda, mafi tsada a cikinsu. Bari in faɗa muku tun yanzu, keken nan bai taɓa yin tafiyar minti biyar a jan ƙasar unguwarmu ba, daga baya kwandon wanki ya koma. Amma ranar ji nake na sayo wa 'yata duniya.

Da na fito da kaya niƙi-niƙi, sai na ji takalmina ya matse ni har ba na iya taka ƙasa sosai. Na tsaya ina shawara da kaina, in sayi silifa ko in daure in ƙara wa jaririya hula biyu. Wallahi sai da na wuce rumfar takalma da taki kusan goma, sannan zafin ƙafa ya dawo da ni. Na ce bari in ɗauki mafi araha.

Mai rumfar wata dattijuwa ce, Badagomba, siririya, da farin mayafi da ya sha wanki. Ta gaishe ni da harshensu, na amsa da "naa" kamar yadda kowa ke yi a Tamale, sai ta juya Hausa. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Ta kalli ledojin kayan jarirai, ta tambaye ni kwana nawa da haihuwa. Na gaya mata. Na nuna silifa lambar da na saba sawa, na miƙa hannu in karɓa, sai ta ce in zauna a benci. Ta dafa tebur, ta durƙusa a hankali, ina jin gwiwarta na ƙara, ta cire mini takalmi da hannunta. Kunya ta kama ni, mace sa'ar uwata a gaban ƙafata.

Silifan bai shiga ba. Ta ɗauko na gaba da shi, shi ma bai shiga ba. Sai ta ajiye shi, ta sa babban yatsanta ta danna ƙwaurina, ta ɗan riƙe, ta ɗaga. Na leƙa na ga rami a fatata, kamar an danna ƙullun burodi, ya ƙi cikowa. Ta ɗago ta ƙura wa fuskata ido, ta kama hannuna ta dubi zoben da ya nutse a yatsana.

"Kanka yana ciwo?"

Na ce kaɗan.

"Kana ganin wuta-wuta a ido?"

Tun a shagon keken jariri nake ganin wasu ƙananan abubuwa na ƙyalƙyali a gefen idona, ban kuma gaya wa kowa ba. Na ce mata rana ce, ta ba ni babba kawai in tafi, lokacin shan nonon 'yata ya kusa.

Ta mayar da silifan kan tebur ta ce, "Ba zan sayar maka ba. Tashi mu je asibiti."

Raina ya ɓaci. Na ce Mma, ni fa takalmi na zo saye, ba magani ba. Ba ta yi musu da ni ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta kwashe ledojina da keken ta tura ƙarƙashin teburinta, ta yi wa maƙwabciyarta mai sayar da bokiti magana biyu, ta ɗaure mayafinta, ta riƙe wuyan hannuna. Ban taɓa jin riƙo irin wannan ba daga hannun da ya yi kama da busasshen kara. Rana ta take, kasuwa ta cika, ga mata biyu a tsaye suna juya takalmanta, ta bar su ko waiwaye ba ta yi ba.

A cikin keken haya tana riƙe da ni, bakinta na motsi da addu'a. Da muka isa babban asibiti, ta wuce layin mutane kai tsaye tana ja na, ta gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa mai jego ce, a auna jininta yanzu. Matar ta ɗaura mini abin awo, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Na ga fuskarta ta sauya. Nan take ta yi kira a kawo gado. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne dattijuwar tana tambayata lambar wa za ta kira, ni kuma harshena ya yi nauyi.

Sai da hantsin washegari na san inda nake. Surukata na zaune a gefena da jaririya a cinya, idonta ya yi ja. Ita ta ba ni labarin cewa ana ɗora ni a gado jijjiga ta kama ni, likitoci suka rufu a kaina. Dattijuwar ce ta lalubo katin awon cikina a jaka, ta sa aka kira mai gidana, sannan ta hau keken haya har Kaladan tana tambayar gida-gida, ta ɗauko surukata da jaririyar. Da likita ya zo zagaye ya ce hawan jini ne na bayan haihuwa, kuma da a kan hanya ko a ɗakina abin ya same ni, da magana ta sha bamban. Kwana shida na yi a kwance.

Bayan na yi arba'in na goya 'yata na koma kasuwar. Kayana suna nan yadda ta ajiye su, ta rufe su da buhu don ƙura. Na kai mata turmin atamfa, ta karɓa da ƙyar, ta fi son ta riƙe jaririyar. Na tambaye ta ko ta taɓa aikin asibiti. Ta ce ko aji ɗaya ba ta shiga ba. Daga nan ta koma wasa da yatsun yarinyar.

Mai bokiti ce ta raka ni bakin titi ta gaya mini sauran. Dattijuwar tana da 'ya mace guda ɗaya, 'yar ta haihu lafiya, aka sha suna. Ƙafarta ta kumbura, kanta na ciwo, kowa ya ce gajiyar haihuwa ce, har uwar ma haka ta ce. Kwana biyu bayan suna ta faɗi a tsakar gida, ba ta tashi ba. Dattijuwar ce ta raini jikan. Tun daga lokacin duk macen da ta zo rumfarta da alamar jego, ba ta yarda ta miƙa mata takalmi a tsaye, sai ta durƙusa ta sa mata da kanta, don ta samu ta taɓa ƙafar.

"Ba ke ce ta farko da ta ja zuwa asibiti ba," in ji mai bokiti. "Wasu har zaginta suke yi a hanya."

Na tsaya a bakin titin nan motoci da babura na wucewa. Ina tunanin yadda Allah ya ɗauki baƙin cikin wata mata da ban sani ba, ya ajiye shi shekaru a wata 'yar rumfa, yana jiran ranar da zan zo wucewa.

Abin da na koya ba mai wuyar faɗa ba ne, aikata shi ne da wuya. Jariri ya fi bukatar uwa mai rai da lafiya a kan duk abin da ake sayarwa a kasuwa, kuma macen da ta kula da jikinta ba son kai ta yi ba, hakkin ɗanta ta sauke. Shi ya sa yanzu idan na je barka, kafin in karɓi jariri sai na zauna kusa da uwar, na tambaye ta yadda take ji, ba na kuma tashi sai ta gaya mini gaskiya.