Yadda na kai kwamfutar Baffa Karaye

Mun fito daga Rogo Sabon Gari ana idar da sallar asuba, ni da yayata, kwamfutar Baffa na naɗe cikin zani a jakata. Yau kwana biyu da dawowarmu, amma har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Wasunku sun san ina koyon haɗa netwok, wato sada kwamfutoci da juna, a darasin da ake mana ta waya tun da na gama sakandare. Malaminmu ya ce kowa ya saka wata manhajar gwaji: ka zana rauta da suwic, na'urorin da ke sada kwamfutoci, a allo, ka haɗa su, su yi aiki kamar na gaske ba tare da ka sayi ko ɗaya ba. Tana zuwa ne a fayil guda mai nauyi da ake ce wa ISO, wato kwafin faifai sukutum. Da netwok ɗin garinmu, sai a cire gyaɗa bai gama sauka ba. Aka ce mini wani mai shagon kwamfuta a Karaye yana da shi a filash.

Ni ba ni da kwamfuta. Ta Baffa ce, ƙanin mahaifinmu, kuma a cikinta karatun marigayi Kakanmu yake, wanda aka kwashe daga kaset-kaset kafin su lalace. Babu shi ko'ina sai nan. Da zai miƙo mini ita ya ce, "Ki je da ita, amma muryar Malam na ciki."

Bas ba ta cika ba sai da rana ta fito. Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ɗora wa mai, mu kuma muka ɗora wa direba. Dawa ta yi kyau hagu da dama, rake ma haka. Hanyar kuwa, duk ramin da muka faɗa sai na ɗaga jakar sama, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko ƙwai na ɗauko.

A Karaye muka karya da koko da ƙosai kusa da tasha. Ƙosan ya ƙanƙance, amma yajin bai rage ba. Ɗan acaɓa ya kai mu shagon, can wajen ofisoshi, janareta na ruri, mutane na layin fotokwafi.

Mai shagon dattijo ne, sa'an Baffa. Na rusuna na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce ya sha yi wa ɗalibai. Ya soka filash, ya kashe kwamfutar ya kunna, allo ya cika da rubutun Turanci, yana ta danne-danne da sauri. Ana haka wani abokinsa ya yi sallama, da alama sun daɗe ba su haɗu ba. Ya juya fuska ƙofa suka shiga gaisuwa, yatsansa na kan maɓallin.

Nan idona ya sauka a allon. An rubuta cewa za a goge duk abin da ke cikin kwamfutar, a ci gaba? Kuma alamar zaɓi tana kan "e". Na karanta sau biyu. A gidanmu ba a katse manya in suna gaisawa, ni kuwa ko ido ban taɓa haɗawa da sa'an ubana ba. Na dubi yayata, hankalinta na waje. Su kuwa an wuce ina gajiya, an wuce iyali, an wuce damina, an zo madalla madalla. Na san da ya juyo dannawa zai yi.

Ban san lokacin da na fizge kwamfutar daga ƙarƙashin hannunsa ba. "Baba, tsaya!"

Mai shagon ya juyo. Ya dube ni, ya sa tabarau, ya karanta. Sai ya yi salati.

"'Yar nan, akwai ajiya a ciki?"

"Karatun kakanmu, Baba."

Ya ce ɗalibai kwamfuta wayam suke kawo masa, shi ya sa bai tambaya ba. Ya zare filash ɗin, ya kashe, ya kunna. Na buɗe fayil ɗaya, sai ga gyaran muryar Kaka kafin bisimilla. Kuka ya ƙwace mini. Yayata ta ce, "Ke, a gaban mutane?" amma ita ma tana goge ido.

Daga nan aka bi a hankali. Ya fara kwafe karatun a sabon filash. Sannan ya saka wata manhaja da ke ƙera ƙaramar kwamfuta a cikin babbar, kamar a yanki ɗaki a cikin gida, ya ba ta rabonta na wuri da na ƙarfi. Da farko ta ƙi tashi, sai da ya shiga saitin da ke fitowa lokacin kunnawa ya buɗe wani abu. Ya nuna mata fayil ɗin ISO. Tambayar gogewar ta sake fitowa, ya ce yanzu ɗakin kaɗai take nufi. Sai da ya maimaita mini sau uku, sannan na danna da kaina. Muka sa kalmar sirri, ƙaramar kwamfutar ta ba da wasu lambobi, na rubuta su a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, farin fili ya buɗe. Na zana rauta biyu na haɗa, na ba kowace lambarta, ɗaya ta kira, ɗaya ta amsa.

Bayan la'asar muka kamo hanya cikin yayyafi, muka iso kafin magariba. Ban ɓoye wa Baffa komai ba. Ya ce, "Gaisuwar dattijo kika katse?" Na ce e, kaina a ƙasa. Ya karɓi filash ɗin karatun ya sa a gafakarsa, ya ce Allah ya yi mini albarka.

Abin da na koyo: fayil ɗin nan hanya biyu yake shiga, ɗaya ta zauna a gefe, ɗaya ta share gidan duka. Ku tambaya wacce za a bi, ku kwafe ajiyarku tun daga gida, ku karanta allon da idonku. In kuma kun ga abin da na gani, ku buɗe baki, a ba da haƙuri daga baya.