Launin zaren Anti Mai Saƙa

Anti Mai Saƙa ba ta gani tun tana ƙarama, amma kada ka kuskura ka ce mata "Allah sarki", don sai ta wanke ka tas. Ɗaki guda take haya, kwanduna cike da zaren ulu, kwarashi soke a ɗankwali. Yatsunta sun san kaurin zare, sun san inda saƙa ta kwance. Launi ne kawai ya gagare su.

Da wannan Yayarta ta daɗe tana riƙe ta a gida. "Ki tafi ina? Wa zai riƙa gaya miki ja da shuɗi?" Sai da Anti ta sayi wata manhaja a wayarta, wadda in ka nuna mata abu take faɗin launinsa, sannan ta tattara kwandunanta ta kama ɗaki. Masu manhajar da bakinsu suka ce biya ɗaya ne, har abada.

Ashe abadansu gajere ne. Wata safiya tana cikin saƙa wa wata mai jego rigar jariri ruwan hoda, zare ya ƙare. Ta ɗauko wani ƙullin, ta nuna wa waya. Muryar manhajar mai ladabin banza ta ce hidimar ta koma ta masu biya wata-wata.

"Ke, ni na saye ki!" in ji Anti. "Ina aka taɓa sayar wa mutum riga, a biyo shi gida duk wata a ce ya sake biya ko a cire hannun?"

Ta nemi inda ake kai ƙorafi, da ƙyar ta lalubo shi. Kafin a saurare ta, wai sai ta zaɓi hotunan da ke da mota a ciki, don a tabbatar ita mutum ce. Makauniya fa, a manhajar makafi! Ni kaina abin nan yana ci mini rai. Ta yi dariyar takaici har ta ƙware, ta kife wayar a kan tabarma.

Biyan wata-watan ya fi ƙarfin ribar saƙarta, kuma ko tana da shi ba ta ga dalilin sayen abu sau biyu ba. Ta shinshina zaren, ta murza shi, kamar zai yi magana. Mai jego kuwa da yamma za ta aiko.

Da azahar ta haɗiye girman kanta, ta kira Yaya ta bidiyo, ta ɗaga ƙullin.

"Yaya, wane launi ne wannan?"

Ta shirya jin gori, har ta tanadi amsa. Sai Yaya ta ce a hankali, "Ruwan toka ne, ƙanwata. Ɗakinki na nan yadda kika bar shi, jiya ma na share."