Ƙafar Hagun Braimah Mai Kambas

Ni nas ce, kuma abin da aikin nan ya fi ɓata mini shi ne ido. Mutum zai gaishe ni da fara'a, ni kuwa hankalina na kan yadda yake taka ƙasa. Saboda haka tun kafin Hadisa ta ƙwanƙwasa mini ƙofa na san akwai magana a ƙafar mijinta ta hagu, kuma na san maganar ba ƙarama ba ce.

Sunana Pauline, daga Jos na zo. Bango ɗaya ne ya raba gidana da nasu a Fort Washington, nan Amurka, har in Hadisa ta ɗora wake da shinkafa sai ƙamshin ya iso mini kafin ta aiko. Mijinta Braimah, wanda muke kira Baban Naila da sunan 'yarsu, ɗan zangon Kumasi ne, dogo, mai yawan surutu, irin mutanen da in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun ba ka labarin wanda ya ƙera agogon. Tun yana saurayi ya gangara Accra, ya shiga kasuwar gwanjo ta Kantamanto, ɓangaren takalma. Da an ɓalle dila sai su dira a kai, kowa na neman ɗan'uwan wanda ya riƙe a hannu. Ya koyi wanki da buroshi, ya koyi gam, ya koyi cusa tsohuwar jarida a cikin takalmi har ya miƙe ya yi kamar bai taɓa ganin ƙafa ba. Mu a Jos kambas muke cewa. Shi kambu yake cewa, kuma duk shekarun nan ba wanda ya sauko wa wani.

Da ya zo Amurka, aikin ajiye motoci ya samu a wani gareji na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Northwest, kusa da ofisoshin jakadanci. Ya ce daga rumfarsa ƙafafun mutane kawai yake hangowa ta wata 'yar taga, suna wucewa a kan titi. A nan ya gane samarin garin nan sun mace a kan kambas ɗin New Balance mai ruwan toka, kuma akwai manyan mutane masu furfura da ke ɓoye tsoffin kambas a kwali kamar gwal. Ya fara wanke wa abokan aiki nasu. Kafin ka ce me, ya ajiye aikin motoci ya mayar da garejin gidansa shago. Har daga garin Springfield ake kawo masa, wasu ma ta gidan waya suke aikowa.

In na taso daga aiki da safe, idona kamar an zuba yashi, sai in tarar ya ɗage ƙofar garejin yana zaune a kan benci.

"Sista Pauline, zo ki ga wannan. Kin san su waye suka yi shi?"

"Baban Naila, barci nake ji."

"Minti ɗaya, wallahi."

Ƙarya yake yi, minti ɗayansa ba ya ƙarewa. A bakinsa na ji cewa masu Adidas da Puma wa da ƙane ne, Jamusawa, a ɗakin wankin uwarsu suka fara ɗinki. Suka yi faɗa, kowa ya kafa masana'antarsa a tsallaken kogin garinsu, har mutanen garin suka koma sai sun kalli takalminka kafin su yanke shawarar gaishe ka. Ya ce Nike da farko takalman Japan suke sayarwa daga but ɗin mota, sai wani kocin 'yan tsere ya zuba roba a tandar matarsa ta suyar masar Turawa, ya lalata tandar, amma ya samo ƙasan takalmi mai kama ƙasa. Converse kuwa takalman ruwa suka fara yi. Labarin New Balance ya fi so. Wai ba takalmi suka fara yi ba, matashin tafin ƙafa ne don ma'aikata masu wuni a tsaye, kuma an ce mai kamfanin kajin gidansa ya tsaya yana kallo, ya ga yadda yatsu uku ke riƙe kaza ba ta faɗuwa. In ya zo nan sai ya miƙe ya yi tafiyar kaza a tsakiyar gareji, mutum mai jika.

Ina son mutumin nan, gaskiya. A ƙasar da maƙwabci zai shekara bai san sunanka ba, Braimah ne ke kwashe mini ƙanƙara a ƙofar gida ba tare da na roƙa ba.

Akwai wata ƙa'ida da ya taho da ita daga Kantamanto, kuma ita ce ta kai mu inda muka je. Ya ce kambas da aka ajiye a kwali ba a takawa mutuwa yake yi. Ƙasansa yakan sha damshi a hankali, ya bushe ta ciki, ran da aka saka sai ya marmashe kamar biskit. Maganinsa a taka shi lokaci-lokaci. To masu takalman nan tsoron takawa suke yi, sai suka riƙa bar masa ajiya, shi kuma ya ɗora wa kansa aikin. Kullum bayan sallar asuba zai zaɓi kambas guda daga kan kanta, ya saka, ya zaga unguwa har inda ake hango kogin Potomac, ya dawo. Babba ne, ƙarami ne, duk ɗaya. In ya yi masa yawa ya ƙara safa, in ya matse ya danna ƙafar a haka. Ya ce a kasuwa ba a taɓa jin ɗan gwanjo ya ce takalmi bai yi masa ba.

Ni kuma na san abin da masu ajiyar ba su sani ba. Braimah na da ciwon suga, ya daɗe da shi, kuma maganin sai ranar da ya ga dama yake sha. Mai suga ƙafarsa takan daina kawo masa labari. Zai taka ƙusa ya wuni da ita, sai dai ya ga jini a safa. Na gaya masa a hankali, na gaya masa da faɗa.

"Baban Naila, ƙafar mai suga ba ta gwajin takalmin mutane ba ce. Ka sa naka, mai faɗi."

"Sista, ai ni yanzu na huta. Da can matsi na damuna, yanzu ko size eight na sa ba na jin komai."

Yana dariya ya faɗa. Ni kuwa na san abin da yake murna da shi, shi ne ciwon.

Da bazara ta shigo sai abubuwa suka fara canzawa, ɗaya bayan ɗaya. Na fara ganin yana jan ƙafar hagu kaɗan, kamar mai gudun taka ruwa. Sai ya daina zagayen asuba. Sai ranar da na shiga falonsu na tarar da shi zaune a kan kafet ɗin Hadisa da takalmi a ƙafa, mutumin da ko mai gyaran famfo ya shigo sai ya sa shi ya tuɓe a bakin ƙofa. Juma'a ta zo, abokinsa Mukaila ya tsaya da mota yana ta hon, Braimah ya leƙo ta taga ya ce su tafi, aiki ya yi masa yawa. Juma'a ta gaba ma haka. A masallaci dole ka cire takalmi a gaban jama'a, kuma ban buƙaci kowa ya fassara mini ba.

Garejin ma ya sauya wari. Da warin gam ne da sabulu. Yanzu ya kunna turaren tsinke a kowace kusurwa, amma a ƙarƙashin turaren akwai wani abu mai zaƙi-zaƙi da na sani sarai daga ɗakin marasa lafiya. Na ce ya nuna mini ƙafar. Ya ce ƙaramin ƙurji ne, ya kusa warkewa, ya jawo wani takalmi zai fara ba ni labari. Na ce ba labari na zo ji ba. A karo na farko tun da na san shi ya ɗaure fuska, ya ce, "Sista Pauline, ki je ki huta." Ya sauke ƙofar garejin ina tsaye a wajen.

Da yammacin wata Lahadi Hadisa ta zo. Ba ta zauna ba.

"Sista, da safa yake kwana. Alwala ma shafa yake yi a kan safa. Yau zazzaɓi ya kama shi, yana ta kiran sunan babansa."

"Me ya sami babansa, Maman Naila?"

"Suga ne shi ma. An kai shi asibiti a Kumasi da ƙafa biyu, ya dawo da ɗaya, bai ƙara shekara ba. Shi ya sa Maigida ya ce ko sunan hospital kar in kira masa."

Na ɗauki safar hannu da almakashi na bi ta. Yana kwance a doguwar kujera, jikinsa zafi rau. Ban nemi izini ba, na yanke igiyar takalmin, na yanke safar. Hadisa ta juya ta kama bango.

Abin da ya faru shi ne, wani tsohon takalmi da ya girmi 'yarsu ya marmashe masa a hanya, wani ƙarfe siriri na cikin ƙasan ya huda tafin ƙafar. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don ba su ce a taka kayansu bayan shekara talatin ba. Bai lura ba sai da ya dawo gida. Ya wanke, sannan ya yi abin da duk ɗan Kantamanto ke yi in reza ta yanke shi a bakin aiki: ya matse bakin ciwon ya ɗiga sufa gulu. Ciwon ya buɗe, ya sake ɗigawa. Haka ya yi ta liƙe ciwon, ruwan ciki ya rasa hanyar fita sai ya nufi sama. Yatsu biyu sun riga sun yi baƙi.

"Ka liƙe ƙafarka kamar takalmi?" na ce da haushi. "Kai da ka san asalin kowane kambas a duniya!"

Ya buɗe ido da ƙyar. "In na je za su yanke, Sista."

"In ba ka je ba, za mu binne ka gaba ɗaya. Zaɓi."

Bai zaɓa ba, Hadisa ce ta ɗauki waya.

A asibiti likitar ta ɗauki alƙalami ta zana layi a ƙwaurinsa, daidai inda jan kumburin ya tsaya. Ta ce za su ba shi magani mai ƙarfi ta jijiya, in jan bai haye layin ba akwai fata za a tsira da ƙafar, yatsun kawai za a cire. Braimah ya ƙura wa layin ido kamar zai riƙe shi da kallo. Mukaila ya zo da mutanen masallaci suka yi addu'a, ni ma na yi tawa a zuciya. Washegari da hantsi na ɗaga zanen gadon, na ga jan ya haye layin da faɗin yatsa biyu. Shi ma ya gani. Aka shiga da shi tiyata, aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Da ya farfaɗo ban ji ya yi kuka ba. Abu ɗaya ya tambaya, ina aka kai ta. A addininsu ba a jefar da gaɓar mutum, binne ta ake yi. Ni na yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi har aka yarda aka sake ta. Mukaila ya karɓa, suka naɗe ta a farin ƙyalle, suka kai maƙabartar Musulmi, mutum uku a mota ɗaya. Da ya dawo ya tsaya a bakin gadon ya ce an gama.

"Wuri mai kyau?" in ji Braimah.

"Mai kyau, akwai inuwa."

"To. Ta riga ni ke nan."

Hadisa ta ce ya daina irin wannan magana. Ya yi murmushi, ya ce wasa yake yi, har ya fara tambayar Mukaila ko an rufe kwalayen mutane da kyau kada damshi ya shiga. Na ji daɗin jin muryarsa ta dawo, har na ce a raina mun tsallake.

Kafin in tafi na ce bari in gyara masa bargo. Na ɗaga ta wajen ƙafar dama, don hannuna ya saba, ba don ina neman wani abu ba. A gefen ƙaramin yatsa akwai tabo, bai kai ƙwayar wake ba, launinsa ya fi sauran fatar duhu. Na sa babban yatsana na danna da ƙarfi, ina kallon fuskarsa. Yana ta magana da Mukaila.

"Baban Naila, ka ji wannan?"

Ya juyo, ya kalle ni, ya kalli hannuna.

"Kin taɓa ne?"